Zaizayar Ƙashin Idon Sawu da Maganinta

 Da yawa daga cikinku sun gan ni bara ina ɗingishi da sanduna biyu tsakanin ɗakin kwana da aji, har waɗansu suka laƙaba mini suna Mai-ƙafa-huɗu. Ban yi fushi ba, domin wahalar nan ta koya mini darasin da ban samu a littafi ba. Shi ne nake so in raba da ku, ko Allah ya sa ya amfani wani.

Yadda Abin Ya Faru

A zangon karatu na biyu, ran da gidanmu ya kara da wani gida a gasar ƙwallo, na yi tsalle zan sa kai, da na sauko sai ƙafata ta dama ta turguɗe a cikin wani ɗan rami. Na ji ƙas, na faɗi. Malamin wasanni ya ɗauke ni zuwa asibiti, aka yi hoton ƙashi, aka ga siririn ƙashin da ke wajen idon sawu ya karye. Aka sa mini siminti tun daga ƙasan gwiwa har zuwa gindin 'yan yatsu, aka ce kada in taka ƙafar sai bayan mako 6.

Ranar da aka yanke simintin na ɗauka wahala ta ƙare. Ina duban ƙafar sai gabana ya faɗi. Ta rame, sha-raɓa ta tsotse kamar ta ƙaramin yaro, idon sawu ya ƙage, in na ɗora ta a ƙasa sai in ji kamar ƙaya. Aka sake yin hoto. Likita ya ɗaga sabon hoton da tsohon a gaban fitila, har Baba da ba ya karatun boko ya ga bambanci. A tsohon hoton ƙasusuwan fari fat suke, a sabon kuwa sun dusashe, sun yi dabbare-dabbare kamar zanen da asu ya ci.

Baba ya ce, "Likita, me ya cinye wa yaron nan ƙashi? Dama sai da kakarsa ta ce a kai shi wurin mai ɗori."

Likita ya yi murmushi ya ce, "Alhaji, kwantar da hankalinka. Karayar ta kama sarai, ga wurin nan ka gani. Abin da ya dusashe ɗin nan kuwa zaizaya ce ta rashin aiki. Ƙafa ta yi mako 6 ba ta ɗauki kaya ba, shi ya sa jiki ya rage mata ƙarfi. In ta koma aiki sannu a hankali zai mayar mata da abinta."

Wannan magana ta ɗaure mini kai. Yaya za a yi hutu ya cinye ƙashi? Na yi ta tambayar likita duk ranar da na koma, na kuma dami malaminmu na kimiyyar halittu. Ga abin da na fahimta.

Ƙashi Abu Ne Mai Rai

Mun saba ganin ƙashi a bola, busasshe kamar itace, shi ya sa muke zaton haka yake a cikin jiki. Alhali kuwa ƙashin mai rai yana da jini, yana da ɓargo, yana ci, yana girma. Jikin babban mutum yana da ƙasusuwa 206, kuma 26 daga cikinsu suna cikin kowace ƙafa daga idon sawu zuwa yatsu. Ita gaɓar idon sawu mahaɗar ƙasusuwa 3 ce: babban ƙashin ƙauri, da siririn ƙashin da ke gefensa, da wani dunƙulallen ƙashi da suke zaune a kansa, wanda shi kuma yake zaune a kan ƙashin diddige. Duk nauyin mutum ta wannan 'yar gaɓa yake bi kafin ya isa ƙasa.

Abin da ke sa ƙashi tauri shi ne wani sinadari da ake kira kalsiyam. Kusan kashi 99 cikin 100 na kalsiyam ɗin da ke jikin mutum a cikin ƙasusuwa da haƙora yake. Watau ƙashi rumbu ne, jiki yakan zuba a ciki, yakan kuma ɗiba.

Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san yadda ake gyaran katanga kafin damina. Magini yakan kankare tsohon yaɓen da ya tsattsage, sa'an nan ya shafa sabo. To, haka Allah ya tsara ƙashi. A cikinsa akwai waɗansu ƙananan ƙwayoyin halitta iri biyu, ba a ganinsu sai da madubin likita. Iri na farko masu kankara ne, su ke cinye tsohon ƙashi. Iri na biyu magina ne, su ke zuba sabo a inda aka kankare. Dare da rana suna wannan aiki, har ana ƙiyasta cewa kusan kashi 10 cikin 100 na ƙasusuwan babban mutum suna sabuntuwa kowace shekara. Muddin aikin ɓangarorin biyu ya zo daidai, ƙashi yana nan da ƙarfinsa. Idan masu kankara suka fi magina sauri, sai ƙashi ya yi sako-sako. Wannan ita ce zaizayar ƙashi.

Me ke gaya wa magina su yi aiki? Nauyi. A shekarar 1892 wani likitan fiɗa na birnin Balin a Jamus, mai suna Julius Wolff, ya bayyana cewa ƙashi yana gina kansa gwargwadon nauyin da ake ɗora masa. Wanda ake wahalarwa yakan yi kauri, wanda aka bari yakan yi rauni. Shi ya sa hannun da ɗan wasan tanis yake riƙe sanda da shi ya fi ɗayan kaurin ƙashi. 'Yan sama jannati kuwa, da yake a can sama jiki ba shi da nauyi, ƙasusuwansu na ƙafa da kwatangwalo sukan rasa kashi 1 zuwa 1.5 cikin 100 kowane wata, duk da yake suna motsa jiki wajen awa 2 kowace rana. Ashe ƙafata da ke cikin siminti ta yi tafiyar sama jannati ne ina kwance a kan gado.

Iri Uku na Zaizayar da Kan Wuce

Kada mu rikita wannan da zaizayar tsufa, wadda ke kama tsofaffi, musamman mata bayan sun daina al'ada, ta bi jiki duka, har ta ranƙwafar da baya. Wadda nake magana a kanta gaɓa ɗaya take kamawa, kuma takan wuce. Iri uku ce.

Ta farko ita ce ta rashin aiki, watau irin tawa. Tana biyo bayan karaya, ko siminti, ko doguwar jinya a kwance. Likita ya ce hoton ƙashi ba ya nuna zaizaya sai ƙashi ya rasa wajen kashi 30 cikin 100 na sinadarinsa, saboda haka duk lokacin da aka gan ta a hoto, ta riga ta yi nisa. Ya kuma gaya mini wani abin mamaki. Dunƙulallen ƙashin nan da ke tsakiyar idon sawu jini ba ya isarsa da yawa, don haka in ya karye ana tsoron kada ya mutu. A shekarar 1970 wani likitan Amurka, Leland Hawkins, ya nuna cewa idan aka yi hoto bayan mako 6 zuwa 8 aka ga saman ƙashin ya ɗan dusashe, to albishir ne, domin masu kankara ba sa isa wurin da jini ba ya zuwa. Wanda ya tsaya fari fat shi ne abin tsoro. Ka ji inda zaizaya ta zama shaidar rai.

Ta biyu ita ce mai zuwa haka kawai, ba faɗuwa ba buguwa. Mutum yana zaune lafiya sai gaɓa ta soma ciwo, in ya taka ya ji zafi, in ya huta ya ji sauƙi, har ta kai shi ga ɗingishi. Likitoci biyu na Amurka, Curtiss da Kincaid, su suka fara ba da labarinta a shekarar 1959, bayan sun gan ta a kwatangwalon mata masu tsohon ciki. A shekarar 1968 wani likitan Faransa mai suna Lequesne ya raɗa mata sunan da ke nufin zaizayar ƙashi ta ɗan lokaci. Ta fi kama maza masu matsakaicin shekaru, kamar sa'o'in iyayenmu, da mata a watanni 3 na ƙarshen ciki. Kwatangwalo ta fi so, amma tana kama gwiwa da idon sawu da tafin ƙafa, wani lokaci ma ta warke a wannan gaɓa ta ɓulla a waccan. A makonnin farko hoton ƙashi ba ya nuna kome. Na'urar hoto mai aiki da maganaɗisu, wadda ake samu a manyan asibitoci, ita ke nuna cewa ruwa ya taru a cikin ɓargo. Galibi takan warke da kanta tsakanin wata 6 zuwa 12.

Ta uku ita ce wadda wani likitan birnin Hambag, Paul Sudeck, ya bayyana a shekarar 1900, shekara 5 kacal bayan da Rontgen ya gano hasken da ake hoton ƙashi da shi a 1895. Tana iya biyo bayan rauni, ko da targaɗe ne ƙarami. Alamarta ita ce zafin ya fi ƙarfin raunin. Ƙafa takan yi ƙuna kamar an zuba garwashi, ta kumbura, ta yi ta zufa, fata ta sake launi, har mutum ya kasa jure taɓawar zane. Ita ce mafi taurin kai a cikin ukun, kuma tana bukatar likita da wuri.

Magani

Maganin farko shi ne a tabbatar da abin da ke damun mutum, domin akwai cututtukan da ke kama da wannan amma su ba sa wucewa da kansu. Ƙwayar cuta takan shiga ƙashi ta tara mugunya. Tarin fuka yakan kama ƙashi. Masu sikila kuwa, waɗanda ƙasarmu Nijeriya ta fi kowace ƙasa yawan haihuwarsu, jini yakan toshe musu har wani yanki na ƙashi ya mutu, musamman a kwatangwalo. Wanda ya zauna a gida yana jiran irin waɗannan su wuce, zai iya rasa gaɓar ɗungurungum. Likita ne kaɗai zai bambanta su, da hoto da gwajin jini.

Na biyu shi ne ɗora nauyi daidai gwargwado, kuma nan ne wuyar take. Ƙashin da ya zaizaye yana bukatar nauyi don ya ginu, amma in nauyin ya yi yawa sai ya tsage. Ni dai ga yadda aka bi da ni a sashen gashin ƙashi. Da farko aka ce in riƙa taɓa ƙasa da ƙafar kawai, sanduna na ɗauke da ni. Bayan haka aka kawo sikeli, na riƙa danna shi da ƙafar har in san yadda rabin nauyina yake, in yi tafiya da wannan gwargwado. Daga nan na koma sanda ɗaya, sa'an nan na yar da ita. Kowace safiya da yamma ina zaune a bakin gado ina juya ƙafar sama da ƙasa, ina rubuta a, ba, ca a iska da babban yatsa, ina jawo tawul da 'yan yatsu. Da ƙarfi ya soma dawowa sai aka ce in riƙa yin ɗage ina dafe da bango, in kuma koyi tsayuwa da ƙafa ɗaya. Ga mai zaizaya iri na biyu kuwa, sandunan su ne babban magani, don su kāre ƙashin daga karyewa har lokacin da zai warke.

A nan ne na yi wauta, kuma ba zan ɓoye ba. Mako 3 da cire siminti na ga abokaina suna buga ƙwallo a bayan ɗakin kwana, zuciya ta ɗebe ni na shiga. Ban yi minti 10 ba ƙafar ta kumbura suntum, na kwana ban runtsa ba. Da aka mayar da ni asibiti, Allah ya taimake ni ƙashin bai tsage ba. Likita ya dube ni ya ce, "Ɗana, rushewa ta fi gini sauri. Abin da ya zube a mako 6 sai ya yi watanni kafin ya dawo. In ka sake, ni da kai za mu koma siminti." Aka mayar da ni kan sanduna har mako 2. Gaggawa ta jawo mini nawa.

Akwai kuma masu yin kuskuren ta ɗaya gefen. A sashen gashin na haɗu da wani dattijo wanda tsoro ya hana shi taka ƙafarsa wata da watanni bayan karayarsa ta warke. 'Ya'yansa, don tausayi, kome sai su kawo masa har gado. Ƙafar ta ƙage ta ƙara zaizayewa, gyaranta ya fi nawa wuya nesa ba kusa ba. Likita ya ce ƙashin matashi yakan dawo da ƙarfinsa fiye da na babba, wanda wani lokaci ba ya komawa daidai yadda yake.

Na uku shi ne abinci, domin magini ba ya gini sai da ƙasa. Masana abinci na Amurka sun ƙayyade wa mai shekara 9 zuwa 18 miligiram 1,300 na kalsiyam kowace rana, kofin madara ɗaya kuwa yana ba da wajen miligiram 300. Ba sai an je kanti ba. Nono da kindirmo, miyar kuka, zogale, riɗi, tamba, da ƙananan busassun kifi da ake ci da ƙayarsu, duk suna da kalsiyam. Wake da ƙwai da nama suna ba da abin gina tsoka. Sai dai hanji ba ya tsotsar kalsiyam sosai in babu bitamin D, wanda fata ke yi idan rana ta taɓa ta. Saboda haka kada a kulle majinyaci a ɗaki mai duhu, a riƙa fito da shi tsakar gida yana shan hantsi. Mahaifiyata da ta ji haka, kullum sai ta aiko mini da fura da nono da kwaɗon zogale, har abokan ɗakina suka riƙa yi mini addu'ar kada in warke da wuri.

Na huɗu shi ne magungunan asibiti. Ana ba da na rage zafi kamar farasitamol. Masu ƙarfi irin su ibufurofen da dikulofenak suna taimako, amma yawan shansu yana jawo gyambon ciki, yana kuma taɓa ƙoda. Ga manya masu zaizaya iri na biyu ko na uku, likita yakan ba da wani rukunin magani da ake kira bisfosfonet, wanda ke rage wa masu kankara sauri. Ba a ba mai ciki shi, kuma ba a saye da ka. Aikin fiɗa ba a cika bukatarsa ba.

Abubuwan Gudu

Taba sigari tana rage jinin da ke zuwa ƙashi, tana jinkirta warkewar karaya. Haka nan ƙwayoyi irin su firednisolon da deksametazon, waɗanda waɗansu ke saye a kemis don ciwon jiki ko don su yi ƙiba, in aka daɗe ana shansu su kansu suna zaizaye ƙashi. Wanda ya sha su don ciwon ƙafa ba da izinin likita ba, ya ƙara wa wuta itace ne.

Game da masu ɗori, ba na raina su. Sana'ar gado ce, kuma tun kafin a gina asibiti su ke ɗora kakanninmu. Amma hannu ba ya ganin abin da hoto ke gani. Ƙashin da ya yi sako-sako ba ya son murɗa da ja, kuma karan ɗori in aka ɗaure shi tamau a kan ƙafa mai kumburi yakan tare jini, har ƙafar ta ruɓe a yanke ta. A fara yin hoto tukuna. Duk wanda aka ɗaure wa ƙafa, da kara ne ko da siminti, in 'yan yatsunsa suka yi sanyi, ko suka sake launi, ko suka mutu, ko zafi ya yi ta ƙaruwa, a garzaya da shi asibiti a wannan sa'ar, ko da tsakar dare ne.

Kira Ga Iyaye da Ɗalibai

Iyayenmu, in yaro ya yi ɗingishi fiye da mako 2 ba sauƙi, ko ciwon ya zo da zazzaɓi, ko yana hana shi barci, ko yaron mai sikila ne, kada a tsaya shafa man zafi. Haka nan in mai tsohon ciki ta kasa takawa saboda ciwon kwatangwalo ko idon sawu, kada a ce nauyin ciki ne kawai, a faɗa wa ma'aikatan awo. In kuwa likita ya ce zaizayar ta ɗan lokaci ce, a yarda, a daina yawo da majinyaci daga wannan mai magani zuwa wancan, ana ɓarnar kuɗi ana tayar masa da hankali.

Mu kuma ɗalibai, mu sani yanzu ne muke cika rumbunmu. Yawancin ƙarfin ƙashin mutum yana taruwa ne kafin ya kai shekara 20, zuwa wajen shekara 30 kuwa gini ya kai iyakarsa, sai tattali. Gudu da tsalle da langa da ƙwallo da noma duk ajiya ce don tsufa. Sai dai a cike ramukan fili kafin a fara wasa, kuma wanda ya ji rauni ya fita, kada kunyar 'yan kallo ta sa ya ci gaba.

Ni dai wata 7 bayan cire siminti aka sake yi mini hoto. Likita ya ɗaga shi a gaban fitila, Baba ya gyara tabarau ya duba, ya ce, "Alhamdu lillahi, farin ya dawo." A wannan zangon na koma fili, ina tsaron baya a gidanmu, kuma kafin kowane wasa ni ke zagaya fili da shebur. Sandunan nan biyu na ba wani ɗan aji ɗaya da ya faɗo daga mangwaro, na kuma gaya masa abin da likita ya gaya mini: sannu ba ta hana zuwa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, mu kuma ya kiyaye mu. Wassalam.

Daga wani ɗalibi na aji biyar